Sabuwar Bakteriya Daga Lakar Ruwan Ƙazanta: Me Masana Ke Nufi da "Sabuwa"?

Lokaci zuwa lokaci kafafen yaɗa labarai kan kawo rahoton cewa wasu masu bincike a Sin, ko Koriya ta Kudu, ko wata ƙasa ta Turai, sun gano "sabuwar ƙwayar cuta" a cikin lakar da ke kwantawa a matatun ruwan ƙazanta. Wanda ya ji haka, musamman tun bayan annobar korona, abu na farko da zai faɗo masa a rai shi ne wata cutar ce kuma ke tafe. Wasu kan zarce da zargin cewa ƙirƙiro ta aka yi a ɗakin gwaje-gwaje. A mafi yawan lokuta babu ko ɗaya daga cikin biyun. An dai kama wata halitta ce da ta daɗe tana rayuwarta ba wanda ya san da ita, an tabbatar ta bambanta da duk waɗanda ke rubuce a kundin masana, sannan aka raɗa mata suna. Ɗaruruwan sababbin sunayen bakteriya ke fitowa a mujallun kimiyya kowace shekara, kaɗan ne kawai ke isa kunnen jama'a.

Kalmomin da ya kamata a fara tantancewa

Bakteriya halitta ce da duk jikinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Tsawon yawancinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba, don haka sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Tana ci, tana fitar da abin da ta sarrafa, tana hayayyafa ta hanyar rabuwa gida biyu. Ta sha bamban da bairos, irin mai kawo shan inna ko korona, wanda ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayar jikin wata halitta. Haɗa su duka da muke yi a ƙarƙashin lafazin "ƙwayar cuta" shi ne mafarin ruɗanin, domin ƙalilan ne cikin bakteriya ke sa cuta. Bakteriya ce ke mayar da kalwa daddawa, ita ke sa madara ta zama kindirmo, kuma hanjin duk lafiyayyen mutum cike yake da ita.

A wannan sharhi, "jinsi" na nufin rukunin bakteriya da suka yi kusa da juna ƙwarai har masana suka ba su suna guda. Jinsunan da ke da kusanci ana tara su a "gida" ɗaya, gidaje kuma a "dangi", haka har sama. "Tsatso" shi ne zuriyar ƙwaya guda da aka ware aka rena a ɗakin gwaje-gwaje. Jinsi ɗaya na iya ƙunsar tsatso masu yawa, wani ba ya cutarwa, wani yana kisa, kamar yadda lamarin yake a jinsin E. coli. DNA kuwa shi ne sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na kowace halitta, an tsara shi da haruffa huɗu, A da T da G da C. Cikakken jerin haruffan halitta guda shi ake kira jinom, wato kundin gadonta.

Sai lakar kanta. Ruwan ƙazanta shi ne abin da ke fita daga makewayi, wurin wanka, madafa, asibitoci da masana'antu. A biranen da ke da magudanar ƙarƙashin ƙasa, ana kai shi matata. Abin da ke kwantawa a gindin tankunan matatar, mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, shi ne lakar da ake magana.

Dalilin da ya sa ake tonon laka

A 1914 wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, da ke aiki a matatar Davyhulme ta birnin Manchester a Ingila, suka bayyana wata dabara. Idan aka hura iska cikin ruwan ƙazanta na tsawon lokaci, aka bar shi ya kwanta, aka tsiyaye na sama aka riƙe lakar, sannan aka zuba mata sabon ruwan ƙazanta, sai aikin tsarkakewar da a da ke cin makonni ya koma ƙasa da kwana guda. Lakar ce ke aikin, domin cunkushe take da ƙananan halittu masu cinye dattin. Wannan tsari na "laka mai rai" shi ne mafi yaɗuwa a manyan matatun duniya har yau, kuma da shi matatar Wupa ta Abuja ke aiki.

Ma'aikacin matata yana da gwaji mai sauƙi da yake duba lafiyar lakarsa. Zai ɗebo lita guda daga tankin da ake hura wa iska, ya zuba a dogon kwalban awo, ya jira minti 30. Idan komai lafiya, zai ga ƙananan curi-curi suna haɗuwa suna gangarawa ƙasa, ruwan sama ya yi garau. Kowane curi tarin bakteriya ne da suka manne da juna da wani yauƙi da suke fitarwa. Ranar da lakar ta ƙi kwanciya, ko kumfa mai maiƙo ya rufe saman tankin, to wasu bakteriya masu siffar zare sun rinjayi sauran. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Microthrix parvicella, mai son maiƙo, wadda ke damun matatun Turai a lokacin sanyi. Matata na iya ƙazantar da kogi saboda halitta guda ta yi yawa.

Ke nan injiniyoyi sun shafe shekaru masu yawa suna kiwon halittun da ba su san sunayensu ba. Wannan shi ne dalili na farko na tonon lakar. Na biyu, wuri ne da kusan duk abin da ɗan Adam ke zubarwa yake taruwa: sabulu, rini, ragowar magunguna, maganin ƙwari, man inji. Duk bakteriyar da ta iya cin ɗaya daga cikin waɗannan tana samun gindin zama a can, don haka mai neman halittar da za ta narkar da wata guba da lakar yake farawa.

Yawan abin da ke ciki ya wuce tsammani. Wani shiri na Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmark mai suna MiDAS ya fitar da kundi a 2022 bayan tattara laka daga matatu 740 a ƙasashe 31. Mafi yawan jinsunan da aka gani a ciki ba su da sunan da aka amince da shi.

Daga cokalin laka zuwa tsatso guda

Hanyar da aka gada tun zamanin Robert Koch, a shekarun 1880, ba ta sauya sosai ba. Mai bincike zai ɗauki ɗan laka ya tsarma shi da ruwan gishiri mai tsabta, kashi ɗaya cikin goma, ya sake tsarma wannan, ya kuma sakewa, har ƙwayoyin su yi tazara da juna. Sai ya shafa ɗigo a kan farantin gilashi ko na roba da aka zuba wa aga, wani daskararren abu da ake samu daga ciyawar teku, wanda aka gauraya da abincin bakteriya. Ya rufe, ya ajiye a zafin da bai wuce digiri 30 ba. Bayan 'yan kwanaki ɗige-ɗige za su bayyana, wani fari, wani rawaya, wani ja-ja, wani mai santsi, wani mai kaushi. Kowane ɗigo miliyoyin 'ya'yan ƙwaya guda ne. Zai tsinci ɗaya da siririyar waya da aka ƙona a wuta, ya ja shi a sabon faranti, ya maimaita har ya tabbata babu gauraye. Wannan shi ne tsatso. Sai a adana wani ɓangare a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri.

A da, daga nan sai a dogara da kamanni da ɗabi'a: sanda ce ko dunƙule, tana motsi ko ba ta yi, wane launi take ɗauka a gwajin rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, wane irin sukari take ci. Har yanzu ana yin waɗannan gwaje-gwaje kuma ana buƙatarsu. Sai dai kama da wane ba ta wane. Bakteriya biyu na iya zama kamar an tsaga kara a ƙarƙashin madubi alhali tazarar da ke tsakaninsu a wajen gado ta fi ta mutum da kifi.

Abin da ya sauya fagen shi ne aikin Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka. Ya lura akwai wani sashen gado da kowace bakteriya ke da shi, wanda ke sauyawa a hankali ƙwarai, don haka ana iya auna kusancin halittu biyu da shi. Ana kiransa 16S, tsawonsa haruffa kusan 1,500. Da shi ne Woese da George Fox suka nuna a 1977 cewa wasu halittu da ake lissafawa cikin bakteriya wani babban reshe ne daban na rayuwa, wanda yanzu ake kira akiya. Daga cikinsu har da masu samar da iskar gas a tankunan narkar da laka.

Yau matakin farko shi ne a karanta 16S na tsatson a kwatanta da na duk jinsunan da aka sani. Idan kamancen ya gaza kashi 98.7 cikin ɗari, akwai alamar an samu sabon abu. Alama ce kawai. Hukunci yana hannun cikakken jinom, wanda ke da haruffa miliyoyi, na E. coli da aka fi nazari, alal misali, ya kai kusan miliyan 4.6. Kwamfuta za ta jera jinom ɗin kusa da na 'yan uwansa mafi kusa ta fitar da matsakaicin kamance. Idan ya kai kashi 95 zuwa 96, jinsi ɗaya ne. Idan ya gaza, sabon jinsi ne. Kafin karatun jinom ya yi araha, ana amfani da wani gwaji mai wahala na haɗa DNA na halittu biyu a kwalba a ga yadda za su manne, kuma wani kwamitin masana ya tsayar da iyakarsa a kashi 70 a 1987.

Sharuɗɗan raɗa suna

Samun sabon jinsi daban, tabbatar masa da suna daban. Akwai kundin ƙa'idoji na duniya da ake kira ICNP, ƙarƙashin wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa. An tsaurara shi ne saboda rikicin da aka shiga a baya, lokacin da bakteriya guda kan amsa sunaye barkatai, wasu sunayen kuma ba wanda ya san halittar da suke nufi. Daga 1 ga Janairun 1980 aka share fage: aka fitar da jerin sunaye 2,000 da 'yan kai da aka amince da su, dubban sauran suka faɗi.

Tun daga nan, suna ba ya tabbata sai ya fito a mujalla guda, wadda ake taƙaita sunanta da IJSEM, ko dai a buga cikakken bayanin a cikinta, ko a shigar da sunan a jerin tabbatarwa da take fitarwa. Sunan kashi biyu ne cikin Latin, bisa tsarin da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya kafa a ƙarni na 18: na farko sunan gida, na biyu sunan jinsi. Sau da yawa na biyun kan nuna inda aka samo halittar. Duk inda aka ga "caeni" ko "defluvii", kamar a Acidovorax caeni da Acidovorax defluvii, to daga laka ko ruwan magudana ta fito.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne na tsatson ma'auni. Dole mai binciken ya zaɓi tsatso guda mai rai ya ajiye a taskokin adana ƙananan halittu guda biyu, a ƙasashe biyu daban-daban, inda duk masanin da ya nema zai samu. Fitattun taskokin sun haɗa da DSMZ a Braunschweig ta Jamus, ATCC a Amurka, JCM a Japan, KCTC a Koriya ta Kudu da CGMCC a Sin. Matsayin wannan tsatso kamar na mudun da hukumar kasuwa ke riƙewa ne: duk wanda ya zo daga baya yana cewa abin da ke hannunsa jinsi kaza ne, da shi za a gwada. Daga 2018 mujallar ta ƙara da neman a gabatar da jinom ɗin tsatson. Jinsunan bakteriya da akiya da suka cika waɗannan sharuɗɗa zuwa yanzu sun haura 20,000.

Waɗanda suka ƙi tsirowa a faranti

A nan gizo ke saƙar. Masana sun daɗe da lura cewa idan aka ƙirga ƙwayoyin da ke cikin ɗigon ruwa ko ƙasa da madubi, aka kuma ƙirga waɗanda suka tsiro a faranti, tazarar ba kaɗan ba ce. Mafi yawa ba sa tsirowa. Wasu abincin ne bai yi musu ba, wasu ba sa iya rayuwa sai da maƙwabtansu, wasu kuma jinkirin girma gare su, kafin su motsa masu hanzari sun mamaye farantin. Don haka abin da ya tsiro ba lalle ne shi ke da muhimmanci a cikin tankin ba. Labarai biyu daga matatun ruwa sun isa misali.

Na farko ya shafi sinadarin fosfarus, wanda idan ya yi yawa a tafki yake sa gansakuka ta rufe ruwa kifaye su mutu. A shekarun 1970 injiniya James Barnard na Afirka ta Kudu ya taka rawa babba wajen tsara matatun da bakteriya ke zuƙe fosfarus da kansu ba tare da an zuba sinadari ba. Tambayar ita ce wace bakteriya ce ke aikin. A 1975 wani bincike ya nuna Acinetobacter, domin ita ke yawan fitowa a faranti duk sanda aka shuka lakar irin waɗannan matatu. Kusan shekara ashirin littattafai na maimaita haka, ana ta gwaje-gwaje a kanta. Sai a shekarun 1990 aka samu dabarar yi wa kowane jinsi alama mai ƙyalli a cikin lakar kanta ba tare da an shuka ba. Da aka duba, Acinetobacter 'yar kaɗan ce a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1999 aka bayyana ɗaya daga cikin masu aikin na ainihi, aka kira ta Accumulibacter phosphatis, kuma ita ba ta yarda ta tsiro ita kaɗai a faranti ba.

Na biyu ya fi ban mamaki. Ruwan ƙazanta cike yake da amoniya daga fitsari, kuma hanyar da aka sani ta cire ta na buƙatar hura iska mai yawa, wadda ita ke lashe kusan rabin wutar lantarkin matata ko fiye. A 1977 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Engelbert Broda, ya yi lissafi ya ce ya kamata a ce akwai halittar da ke iya sarrafa amoniya ba tare da iskar oksijin ba. Ba wanda ya taɓa ganinta, mutane da yawa ma ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Shekaru bayan haka, a wani tankin gwaji na kamfanin Gist-Brocades da ke Delft a ƙasar Holan, aka ga amoniya na ɓacewa a inda babu oksijin. An buga rahoton a 1995, kuma a 1999 masanan Jami'ar Fasaha ta Delft suka gano halittar da ke aikin. Aka sa mata Brocadia anammoxidans, don tunawa da kamfanin. Wata 'yar uwarta da aka samu a matatar Stuttgart ta Jamus aka kira ta Kuenenia stuttgartiensis, don girmama Farfesa Gijs Kuenen.

Waɗannan halittu, da ake wa laƙabi da anamoks, suna haɗa amoniya da wani sinadari mai suna naitirait su fitar da iskar naitirojin, wadda ita ce mafi yawan iskar da muke shaƙa. A tsakiyar aikin suna samar da haidirazin, guba mai ƙarfi da ake amfani da ita a matsayin man kumbon sama jannati, suna killace ta a wani ɗaki na musamman cikin jikinsu. Idan sun taru sukan zama jajayen tsubi-tsubi da ido ke gani. Jinkirinsu kuwa ya kai intaha: E. coli na iya rabuwa biyu cikin minti 20, su kuwa sukan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu. A 2002 aka kunna babban tankin anamoks na farko a Rotterdam, yau kuma ana amfani da fasahar a ƙasashe da dama saboda rage kuɗin wuta. An kuma gano su a teku, har da Baƙin Teku a 2003, inda suke taka rawa babba a zagayen naitirojin na duniya.

Duk da wannan matsayi, a ƙa'idar ICNP sunayensu na wucin gadi ne, domin babu tsatso tsantsa da za a kai taska. Shi ya sa ake rubuta kalmar Candidatus a gaban sunan, wato "mai jiran tabbaci", tsarin da aka shigo da shi a tsakiyar shekarun 1990. Accumulibacter da Microthrix ma da Candidatus ake rubuta sunayensu.

Inda masana suka rabu

Wannan giɓi ne ya haifar da taƙaddama mafi zafi a fagen. Yanzu ana iya ɗebo laka, a tatsi DNA na duk abin da ke ciki a haɗe, kwamfuta ta rarrabe ta haɗa jinom ɗin kowane jinsi ba tare da an shuka komai ba. Ta wannan hanya masu binciken Denmark suka fitar da ingantattun jinom sama da 1,000 daga matatun ƙasarsu a 2021. Taskar GTDB ta Jami'ar Queensland a Ostireliya, mai rarraba halittu bisa jinom kaɗai, ta lissafa jinsuna sama da 100,000, mafi yawansu lambobi ne kawai ke gare su a madadin suna.

Wani ɓangare na masana ya nemi a yarda jinom ya tsaya a matsayin ma'auni idan babu tsatso mai rai. Kwamitin da ke kula da ICNP ya kaɗa ƙuri'a a 2020 ya ƙi. A 2022 masu wannan ra'ayi suka kafa nasu kundin mai suna SeqCode. Hujjarsu ita ce bai dace a bar mafi yawan halittun duniya babu tabbataccen suna don kawai sun ƙi faranti ba, kuma sunan wucin gadi ba shi da kariya, wani na iya zuwa ya sake wa halittar wani suna. Masu adawa kuma na cewa jinom da kwamfuta ta harhaɗa daga gauraye yana iya ƙunsar ɓangarorin halittu biyu ko fiye, kuma jerin haruffa ba ya ba ka abin da za ka ciyar, ka gwada, ka ga ko da gaske yana aikata abin da ake zato. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Amma duk wanda ya bi labarin Acinetobacter zai yi wuya ya yarda cewa faranti kaɗai ya cancanci zama alƙali, musamman a lamarin laka.

Akwai kuma saɓani a kan iyakar jinsi kanta. Kashi 95 ɗin nan masana ne suka tsayar da shi bisa abin da suka lura a bayanai, kuma ba a bin sa sau da ƙafa. A ma'aunin jinom, Shigella mai kawo atini da E. coli jinsi ɗaya ne, amma an bar su da sunaye daban saboda likitoci sun saba kuma bambancin na da amfani a asibiti. A wasu wuraren kuma an bi jinom an sauya. A 2020 aka raba gidan Lactobacillus zuwa gidaje 25, sai ga bakteriyar da ke tsamar da koko da kunun zaki, wadda ɗalibai suka haddace da Lactobacillus plantarum, ta koma Lactiplantibacillus plantarum. Irin wannan sauyi na ɓata wa likitoci da masu masana'antar abinci rai, sai dai ba ya nufin halittar ta sauya ko kaɗan.

Ƙorafi na uku ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba. Yawancin takardun "sabon jinsi" sun dogara ne da tsatso guda, an cika sharuɗɗa, an ba da suna, daga nan ba a sake jin ɗuriyar halittar ba. Rajista ce mai amfani, amma bai kamata a ɗauki kowace a matsayin gagarumar nasara ba.

Amfani da haɗari

Wani lokaci ana dacewa. A 2016 masu bincike daga Cibiyar Fasaha ta Kyoto da Jami'ar Keio a Japan suka sanar da Ideonella sakaiensis, bayan sun bincika samfura 250 na ƙasa, ruwan ƙazanta da laka daga wajen sake sarrafa robobi a birnin Sakai. Tana fitar da wani sinadari da ke narkar da robar PET, irin wadda ake yin gorar ruwa da ta lemo da ita. Labarin ya zaga duniya kamar an gama da matsalar roba. Abin da gwajin ya nuna shi ne ta cinye wani siririn fallen roba mai laushi cikin kusan mako shida a zafin digiri 30. Robar gora ta fi wannan tauri nesa ba kusa ba. Baƙar leda da ledar fiya wata da ke toshe mana kwatoci kuwa wata irin roba ce daban, wadda wannan bakteriya ba ta taɓawa. Amfanin binciken na gaske shi ne ya ba masana sinadarin da suke ta ingantawa tun daga lokacin.

Ta ɓangaren haɗari, abin da ya fi damun masana lafiya a lakar ba sababbin sunaye ba ne. Tsofaffin sanannu ne, masu kawo kwalara, taifot da gudawa, da kuma matsalar bijirewa magani. Bakteriya na iya miƙa wa juna sassan gado ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Inda ruwan asibiti, ragowar maganin kashe bakteriya da tarin halittu suka haɗu a tanki guda, sashen gadon da ke sa magani ya daina aiki na iya tsallakawa daga marar cutarwa zuwa mai cutarwa. Sanin wace ce wace a cikin lakar na taimakawa wajen bin sawun wannan. Idan kuma sabon jinsi ya fito daga gidan da aka san yana da masu sa cuta, ana duba jinom ɗinsa don neman alamun haka, taskokin adana halittu kuma suna sa kowane tsatso a matakin haɗarin da ya dace da shi.

Inda lamarin ya shafe mu

Leƙa ruwan ƙazanta don sanin halin da gari ke ciki ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 2011 ake ɗibar ruwan magudanu a Kano ana neman bairos ɗin shan inna, kuma hakan ya taimaka wajen gano inda cutar ke ɓuya ko da ba a ga yaron da ta kama ba. Ta fuskar bakteriya kuwa aikin na nan jibge. Kason Afirka a manyan kundayen halittun laka na duniya ƙarami ne, alhali zafinmu, abincinmu da irin dattinmu sun bambanta da na Turai. Yawancin garuruwanmu ma da masai da sokawe da buɗaɗɗiyar kwata suka dogara, kuma lakarsu ba irin ta tankin da ake hura wa iska ba ce. Dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da sinadarin kiromiyom, da ruwan Jakara da masu lambu ke ban ruwa da shi, wurare ne da duk halittar da ta jure zama a cikinsu ta cancanci a san ta.

Mai binciken da ya yi niyyar hakan sai ya shirya wa sharaɗin taskoki biyu, domin aƙalla ɗaya a ƙasar waje za ta kasance. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta bai wa ƙasashe iko a kan albarkatun halittunsu, don haka taskoki da yawa ba sa karɓar tsatso sai da takardun izini daga ƙasar da ya fito. Gara a nemi takardun tun kafin a ɗebo lakar.

Ga malaman da ke duba ayyukan ɗalibai da 'yan jaridar da ke kawo rahoto, akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Ganin wata bakteriya karo na farko a Kano ko Zariya ko Maraɗi rahoton wuri ne, yana da darajarsa, amma jinsin sananne ne. Launin ɗigo a faranti da 'yan gwaje-gwajen sukari ba sa isa a ce an samu sabon abu, haka ma guntun 16S da bai dace da komai a intanet ba. Idan aka ce an gano sabuwar bakteriya, a tambayi sakamakon kwatanta jinom ɗinta da na 'yan uwanta, a tambayi lambobin ajiyarta a taskoki biyu, a kuma tambayi inda aka tabbatar da sunan. In babu waɗannan, kuma ba a rubuta Candidatus a gaban sunan ko aka yi masa rajista a SeqCode ba, to abin da ke hannu tsatso ne da ake kan bincike, bai zama sabon jinsi ba tukuna.